Halittun da Ke Cin Roba: Abubuwan Mamaki 24 Daga Jujin Jafan Zuwa Fadamar Kirikasamma

Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Kirikasamma bayan ruwa ya janye ya san abin da ambaliya ke bari a baya: baƙar leda maƙale a jikin ƙaya, ledar fiyawata a bakin gonar shinkafa, gorar lemo tana yawo a tsakanin kacala. Kara yana ruɓewa, ƙashi ma ƙasa tana cinye shi, amma roba tana nan daram, damina ta zo ta wuce ta bar ta. Sai dai a 'yan shekarun nan wani sabon fannin bincike ya buɗe. Akwai masana da suka sadaukar da rayuwarsu wajen neman ƙananan halittu masu iya narkar da roba, da kuma sinadarin da suke yin aikin da shi, wato enzayim. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wuraren da aka samo su: juji, da tarin taki, da amyar zuma, da tumbin saniya, da akurkin kaji. Duk cikinsu babu wanda fadamarmu ta rasa.

1. Tarin da ya fi ƙarfin tunani
A 1950 duk robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Yau ana ƙera sama da tan miliyan 400 a kowace shekara. A 2017 wasu masana uku a Amurka, Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law, suka haɗa lissafin duk robar da aka taɓa yi zuwa 2015, suka sami tan biliyan 8.3. A cikin wadda ta riga ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. An ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a juji da gonaki da cikin ruwa.

2. Ba da niyya aka gano robar leda ba
A 1933 wasu ma'aikata biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna wani gwaji daban sai suka tarar da wani farin abu mai santsi a cikin tukunyar gwajin. Wannan shi ne folietilin, robar da ake yin leda da ita. Ledar cefane mai hannu biyu kuwa wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin ne ya tsara ta, Sten Gustaf Thulin, aka yi mata rajista a 1965. Ɗansa ya bayyana cewa manufar mahaifinsu ita ce a rage sare itatuwan da ake yin jakar takarda da su, mutum ya riƙa ninke ledarsa a aljihu yana ta amfani da ita.

3. Enzayim yana cikin bakinka, yana cikin madafarka
Enzayim wani nau'in furotin ne da jikin mai rai ke yi domin hanzarta narkewar abu ko haɗuwarsa. Ka daɗe kana tauna burodi ko shinkafa, za ka ji ya fara zaƙi: aikin enzayim ɗin da ke cikin miyau ke nan. Tsiron da ake zubawa a kunun zaƙi enzayim ne a cikinsa. Ganyen gwanda da ake naɗe nama da shi don ya yi laushi, da ruwan tumfafiya da ake daskarar da madara da shi a yi cuku, duk aikin enzayim ne. Kalwa ma ba ta zama daddawa sai bakteriya sun sakar mata nasu. Enzayim na farko da masana suka ware, a Faransa a 1833, daga tsiron hatsi aka cire shi.

4. Mai hannu ɗaya ne ya warware gardamar
James Sumner yana ɗan shekara 17 ya rasa hannunsa na hagu a haɗarin farauta. An ba shi shawarar ya haƙura da aikin ɗakin gwaji, ya ƙi. A 1926, a Jami'ar Cornell da ke Amurka, ya tace wani enzayim daga wani irin wake, ya nuna cewa furotin ne. Manyan masana na Jamus sun yi shekaru suna musanta maganarsa. A 1946 ya karɓi lambar yabo ta Nobel.

5. Bambancin niƙa da narkarwa
Roba a asalinta kamar duwatsun wuya take: ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya, dubbai, a shirye a kan zare guda. Masu niƙa roba a Kano, irin na Sharaɗa da Challawa, suna narkar da ita da wuta su mayar da ita buta ko bokiti ko silifa, amma duk zagaye ɗaya ingancinta raguwa yake yi, har ta kai inda ba ta da sauran amfani. Enzayim kuwa zaren yake tsinkawa, ƙwayoyin su zube ɗaya bayan ɗaya, a wanke su, a sake shirya su. Robar da ta fito ta wannan hanya ba ta da maraba da wadda aka yi da ɗanyen man fetur.

6. Kududdufin bayan masana'anta
An ƙirƙiro zaren nailan a 1935. A 1975, shekara 40 kacal bayan haka, masana a Jafan suka gano bakteriya a ruwan dattin wata masana'antar nailan suna rayuwa da ragowar sinadaran da ake zubarwa, abincin da babu shi a doron ƙasa kafin ɗan Adam ya haɗa shi. Daga nan aka fara fahimtar cewa Allah Ya hore wa waɗannan ƙananan halittu saurin sabawa da sabon abinci.

7. Bakteriyar da aka sa wa sunan gari
A watan Maris na 2016 wata tawaga ƙarƙashin Kohei Oda na Kyoto da Kenji Miyamoto na Jami'ar Keio ta ba duniya labarin da ya girgiza wannan fanni. Sun kwaso samfuri 250 na ƙasa da laka da ruwan datti daga wurin tara gorunan roba a birnin Sakai, suka sami wata bakteriya da ke cin PET, robar gorar ruwa da lemo. Suka kira ta Ideonella sakaiensis. Enzayim biyu take aiki da su: na farko ya daddatsa, na biyu ya ƙarasa. Cikin mako shida, a zafin digiri 30, ta kusa cinye siririn fallen roba ƙarƙaf.

8. Gyaran da ya zo ba zato
A 2018 John McGeehan na Jami'ar Portsmouth a Ingila da Gregg Beckham na wata cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka suka so su gane asalin enzayim na farko na bakteriyar Sakai. Suka sauya masa gurbi biyu a jiki, suna zaton ƙarfinsa zai ragu. Sai ga shi ya fi na asali cin roba. A 2020 suka ɗinke enzayim biyun nan na bakteriyar Sakai wuri guda, saurin aikin ya ninka har sau shida.

9. Daga tarin ganye zuwa masana'anta
A 2012 masana a Jami'ar Osaka suka samo wani enzayim daga tarin ganyaye da rassa da ake ruɓarwa don yin taki. Aikinsa na asali shi ne narkar da santsin da ke lulluɓe da bayan ganye. Ya yi shekaru ba wanda ya damu da shi sosai, sai da kamfanin Carbios na Faransa, tare da masana na birnin Tulus ƙarƙashin Alain Marty, suka gwada shi suka ga ya fi sauran. Suka yi masa gyare-gyare har ya iya jure zafin digiri 72. Sakamakon da suka fitar a 2020 shi ne: kashi 90 cikin 100 na niƙaƙƙiyar robar PET ta narke cikin awa 10, kuma da abin da aka samu aka ƙera sababbin goruna.

10. Taska a maƙabarta
A birnin Leipzig na Jamus, Christian Sonnendecker da abokan aikinsa sun je babbar maƙabartar garin, inda ake tara ganyen da aka share ana yin taki da shi, suka ɗebo samfuri. A ciki suka sami enzayim ɗin da suka kira PHL7. Cikin awa 16 ya narkar da kashi 90 cikin 100 na robar da aka ba shi. Robar zuba 'ya'yan itace ta kanti kuwa, ko yini da kwana ba ta cika ba ta ɓace.

11. Kwamfuta ta shigo fage
A 2022 Hal Alper da tawagarsa a Jami'ar Texas suka sa kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ta duba jikin enzayim ta nuna inda ya kamata a taɓa. Aka yi sauyi biyar, aka sami FAST-PETase, wanda aka gwada a kan kayan roba iri 51 da mutane suka yi amfani da su suka yar. Ya narkar da su cikin mako guda, wasu ma cikin awa 24. Fannin gyaran furotin da hasashen siffarsa ya jawo lambar Nobel sau biyu: Frances Arnold a 2018, sai David Baker da Demis Hassabis da John Jumper a 2024.

12. Mai kiwon zuma da ledarta
Federica Bertocchini, 'yar Italiya mai bincike a Sifen, fanninta na asali shi ne yadda ɗan tayi ke girma a cikin ƙwai. Kiwon zuma kuwa sha'awa ce kawai. Wata rana tana share amyarta ta kwashe tsutsotsin da ke cin saƙar zuma ta zuba a leda ta ɗaure. Da ta dawo sai ta tarar leda duk ta huje, tsutsa ta watse. Gwajin da ta yi da masanan Cambridge a 2017 ya nuna tsutsa 100 sun cinye miligiram 92 na leda cikin awa 12. A 2022 ta gano enzayim biyu a miyan tsutsar da ke fara farfasa folietilin. Daga nan akalar aikinta ta juya gaba ɗaya. Masu ɗora amya a kan bishiyoyin fadama sun san wannan tsutsa sarai, sai dai a matsayin maɓarnaciya.

13. Tsutsar akurkin kaji
A 2015 masana na Jami'ar Stanford da na Beihang a ƙasar Sin suka nuna cewa tsutsar wani ƙwaro mai cin dusa tana iya cin farar robar nan mara nauyi da ake zuba abincin tekawe. A 2024 kuma cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi, a aikin da Fathiya Khamis ta jagoranta, ta sami 'yar uwar wannan tsutsa a Afirka, irin wadda ke zama a ɗakunan kiwon kaji. Sun lura cewa ta fi cin robar idan an gauraya mata da dusa, kuma bakteriyar cikin hanjinta ne ke yin babban aikin.

14. Fumfuna ma ba a bar ta a baya ba
A 2011 ɗaliban Jami'ar Yale da suka je ziyarar karatu dajin Amazon na ƙasar Ikwado suka wallafa bincike kan wata fumfuna da suka dawo da ita, mai cin foliyuretan, robar da ake yin soson katifa da tafin takalmi da ita. Tana iya yin haka ko da babu iska, wato ko a ƙarƙashin tarin juji. A 2017 aka sake samun wata a jujin birnin Islamabad na Pakistan. Na farkon, ɗalibai ne masu neman digirin farko suka yi aikin.

15. Tumbin saniya
A 2021 Doris Ribitsch da abokan aikinta a Ostiriya suka je mayanka suka karɓo ruwan tumbin shanu, wanda a kullum zubar da shi ake yi. Suka jiƙa roba iri uku a ciki, har da PET, kuma dukansu suka fara narkewa. Dalili kuwa shi ne ciyawa da ganye suna da wani santsi a bayansu wanda gininsa ya yi kusa da na wannan roba, kuma halittun da ke tumbin saniya sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Sun kuma lura cewa taron halittun ya fi enzayim guda ɗaya aiki.

16. To me ya sa leda ke kashe dabbobinmu?
Saboda leda folietilin ce, ba PET ba, kuma tumbi ba ya iya komai da ita. Kowane mahauci ya taɓa farka tumbin tunkiya ko akuya ya ciro dunƙulen leda. Dabba tana ci ba ta ƙiba, tana ramewa, ciki ya kumbura, mai ita yana ta sayen magani a banza. Likitocin dabbobi na Jami'ar Maiduguri sun wallafa bincike a kan wannan cuta ta tumaki tun 2003. Da Muritaniya za ta hana leda a 2013, wani jami'in ma'aikatar muhalli ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a Nuwakshot leda ce ajalinsu. A Dubai, an ciro dunƙulen roba mai nauyin sama da kilo 60 daga cikin mushen raƙumi ɗaya.

17. Kacala ma ta shiga ɗakin gwaji
Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwa a Kogin Haɗejiya ya sauya. Wuraren da a da ke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa shekara duka, kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa. A ƙarƙashin shirin TRIMING na gyaran noman rani, masana daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da takwarorinsu na Maryland da Madrid sun gwada mayar da kacala abincin dabbobi da gas ɗin girki, inda suka yi amfani da halittun cikin tumbi wajen narkar da ita. Ilimin da ake narkar da kacala da shi, da wanda ake narkar da roba da shi, gida ɗaya suka fito.

18. Daga gorar ruwa zuwa maganin ciwon kai
A Jami'ar Edinburgh, Joanna Sadler da Stephen Wallace sun gyara bakteriyar E. coli a 2021 ta yadda take mayar da sinadarin da aka samu daga narkakkiyar gora zuwa banila, ƙamshin da ake sa wa kek da askirim. A 2025 ɗakin gwajin Wallace ya sake ba da mamaki: irin wannan bakteriya ta haɗa farasitamol daga sinadarin da aka samo daga robar PET. Har yanzu a ɗakin gwaji abin yake, bai kai kanti ba, amma ya nuna cewa gorar da aka yar tana da sauran daraja.

19. Kallin da ya ɓace yana ci gaba da kama kifi
Kakannin masuntan Haɗejiya da zaren tsiro suke saƙa kayan su, idan ya tsufa ya ruɓe. Kalli da birgi da koma na yanzu nailan ne. Idan kalli ya tsinke ya nutse, yakan ci gaba da sarƙe kifi da tsuntsayen ruwa alhali ba mai zuwa ya kwashe. A 2024 kamfanin Samsara Eco na Ostireliya, wanda ya samo asali daga binciken Jami'ar Ƙasa da ke Canberra, ya nuna riga ta farko da aka saƙa da nailan ɗin da enzayim ya narkar aka sake haɗawa.

20. Wadda ta fi damun mu ita ta fi gardama
A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya natsu. Robar PET tana da gaɓoɓi masu ɗauke da iskar oksijin, kuma nan enzayim ke samun wurin kamawa. Folietilin na ledar fiyawata da baƙar leda, da folifurofilin na buhun taki da na shinkafa, kabon ne riƙe da kabon tun daga farko har ƙarshe, babu gaɓa mai taushi. Yawancin nasarorin da suka kai matakin masana'anta a kan PET ne. Ana ƙiyasta cewa Nijeriya tana fitar da sharar roba kusan tan miliyan 2.5 a shekara, kuma kowa ya san leda ce kan gaba a abin da ido ke gani a garuruwanmu. Babbar tambayar wannan fanni, wadda ba a amsa ba tukuna, ita ce tambayarmu.

21. Ba a kogi ake zuba shi ba
Kada wani ya zaci za a kawo enzayim a jarka a watsa a Kogin Haɗejiya. Aikin masana'anta ne. Sai an tattara gorunan, an ware, an wanke, an narkar an sanyaya da sauri don jikin robar ya saki, an niƙa, sannan a zuba a manyan tankuna masu ɗumi. Carbios ya buɗe masana'antar gwaji a Clermont-Ferrand a 2021. Babbar masana'antar da ya tsara a Longlaville, mai cin tan 50,000 a shekara, an jinkirta gininta a ƙarshen 2024 saboda kuɗi. Muddin sabuwar roba ta fi araha, wadda aka sabunta za ta sha fama a kasuwa. Kuma duk sarƙar aikin nan, daga hannun ɗan jari-bola take farawa.

22. Koginmu ba ya zuwa teku
Yawancin labaran roba a duniya labarin teku ne. Namu daban yake. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya bazu a fadama, abin da ya tsira ya haɗu da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Ma'ana, ledar da ruwa ya kwaso daga sama ba inda za ta je, a fadama take yada zango. A wannan fadama kuwa dausayin Baturiya yake, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, mai faɗin sama da hekta 100,000, wanda aka sa a jerin dausayi masu daraja ta duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Tsuntsaye daga Turai suna ƙetare Sahara su yi hunturu a nan. Roba kuma idan rana ta gasa ta, marmashewa take yi ta shiga ruwa da kifi. A 2022 masana a Holan sun sami ɓurɓushinta a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada.

23. Zafinmu jari ne, amma sai an tsare shi
Robar PET ba ta sakin jiki sosai sai zafi ya doshi digiri 70, shi ya sa masana ke farautar halittun da suka saba da zafi. Cikin tarin taki yakan kai digiri 60 zuwa 70. Ƙasar da ke shan ranar Afrilu da Mayu mai haura digiri 40, ta kuma sha watanni a ƙarƙashin ruwa, tana gauraye da leda shekara da shekaru, wuri ne da ya cancanci a duba da kyau. Sai dai akwai darasi daga Kenya. A shekarun 1990 an ɗebi ƙananan halittu daga tafkunan kanwa na ƙasar, irin su Bogoria, aka fitar da enzayim ɗin da ake koɗar da wandon jins da shi, wani kamfanin waje ya ci riba. Sai a 2004 hukumar kula da namun dajin Kenya ta taso tana neman haƙƙin ƙasarta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 an yi ta ne don a riƙa raba irin wannan amfani da masu ƙasa.

24. Waɗanda ba su jira enzayim ba
Bangaladash ce ta fara hana siririyar leda a 2002, bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa ta ƙara wa ambaliya muni. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014, Kenya kuma a 2017 ta sa hukuncin da ya kai ɗaurin shekara huɗu. Legas ta hana robar tekawe a watan Janairun 2024. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, ƙungiyar DARE ta gina gida da dubban gorunan roba da aka ɗura wa yashi. A matakin duniya kuwa, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a 2022 cewa za a rubuta yarjejeniya kan roba, amma zaman Busan na 2024 da na Janiba na 2025 duk an tashi baram-baram.

Ga mai son ya mayar da wannan sana'arsa

Hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Tana farawa da riƙe kemistiri da bayoloji da lissafi a sakandare. Daga nan sai digiri a fannin sinadaran jikin halittu, ko nazarin ƙananan halittu, ko injiniyancin sinadarai. Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse da Gashuwa, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Zariya. Gwajin farko bai fi ƙarfin ɗalibi ba: ƙasa daga tsohon juji, kwalbar gwaji, ruwan gishirin da babu abinci a ciki sai gutsuren roba, sannan haƙurin makonni. Duk abin da ya rayu a ciki, ya cancanci a bi sawunsa. Rumbun AlphaFold, mai ɗauke da siffofin furotin sama da miliyan 200, kyauta yake a intanet ga duk mai kwamfuta.

Abu ɗaya da fannin ke buƙata fiye da kayan aiki shi ne gaskiya. Raguwar nauyin leda kaɗai ba hujja ba ce, domin wani lokaci sinadaran da aka cakuɗa mata ne suka fita, ita kuwa tana nan. Sai an nuna abin da robar ta koma. Masana da yawa sun yi gaggawar shela, daga baya aka kasa maimaita sakamakonsu. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Kafin wannan bincike ya nuna, akwai aikin da ba ya jiran kowa. A koma ga kwando da jakar cefane. A daina hura gawayi da leda, a daina dafa alale a cikinta, domin hayaƙinta da zafinta ba alheri ba ne ga jiki. Sarakunan ruwa su sa doka a kan yar da tsohon kalli a kogi. Ƙananan hukumomi su ware wurin tara gora da leda a ranakun kasuwa, su mutunta 'yan jari-bola, su sama musu ciniki mai kyau. Masu hali da gwamnatin Jigawa kuma su ɗauki nauyin ɗaliban kimiyya har zuwa digiri na uku, su sa musu kayan aiki a ɗakunan gwaji. Mu ne ledar ke kashe wa tumaki, mu take toshe wa magudanai, saboda haka 'ya'yanmu sun fi kowa cancantar zama cikin waɗanda za su gano maganinta.